Rasuwar 'Yar'azumi, Motar da Aka Ƙara wa Tsawo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma haushi ya cinye kusan rabinta, Malam Modu Zarami na Haɗeja yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin hanyar Guri, da masu faci na bakin tasha, rasuwar motarsa 'Yar'azumi, a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta riga mu barin hanya a ƙarshen daminar nan, a cikin kududdufin da ke bayan gidan mahaifiyarsa a Tudun Zarami, can cikin fadamar Guri. Ta cika tana kwance a gefenta na hagu, tayoyinta biyu suna kallon sama, bayan gajeruwar jinya. Cutar da ta kashe ta ba kamuwa ta yi da ita ba. Saya mata aka yi, aka kuma sa mata da hannu, da rana tsaka, mai ita yana tsaye yana cewa a ƙara.

Marigayiya ta shigo gidan Malam Modu ne a wani watan azumi, shi ya sa ta ci wannan suna. Ba sabuwa ta zo ba, ta riga ta sha duniya a hannun wasu, amma ta zo da mutuncinta. Fara ce a asali, sai dai fadama ta daɗe da sauya mata launi, har idan an wanke ta ranar salla maƙwabta kan tambaya ko baƙi aka yi. Gajera ce, wannan ba wanda ya taɓa musawa. Amma duk tsawon zamanta babu wanda ya taɓa kawo ƙarar gajartarta, sai mutum ɗaya, shi ne kuma yake wannan sanarwa.

Halayenta na gari sun fi ƙarfin takarda. Da safe idan aka murɗa makulli takan ce "kar-kar-kar" kamar dattijuwa tana gyaran murya, sannan ta saki "diiim" ɗin nan nata mai sanyi, wanda yaran unguwa suka sani har suna tashi da shi. Ba ta taɓa sa an tura ta a gaban surukai ba. Ta ɗauki shinkafa daga fadama, ta ɗauki busasshen kifi daga Guri har sai da warinsa ya zama nata, ta kai awaki kasuwar Malam Madori, ta sha yashin Birniwa da buhunan riɗi a bayanta ba ta ce uffan ba. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta raka mutane makwancinsu. Idan ta kafe a taɓo ba ta fushi ba ta jijjiga, takan zauna ne kawai ta jira a kawo shanu. Aibinta ɗaya ne, in ma aibi ne: ta san iyakarta. Idan ruwan mashigi ya kai mata ƙirji sai ta yi tari ta tsaya, kuma ko Modu zai zage ta har magariba ba za ta ƙara taku ba.

Babbar falalarta kuwa, wadda mai ita bai san falala ba ce sai yanzu, ita ce Iya Ummussalma, mahaifiyar Modu, tana iya shigarta da ƙafarta. Tsohuwa ce da gwiwoyi suka daɗe da juya wa baya, amma idan 'Yar'azumi ta tsaya a ƙofar gida, sai ta kama murfin ƙofa, ta yi bisimilla, ta ɗora ƙafar dama, ta ja ta hagu, ga ta a zaune. Modu ɗan farinta ne, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye in dai akwai wata hanya. Hanyar kuwa 'Yar'azumi ce. Idan gudu ya yi yawa sai Iya ta dafa gaban motar ta ce mata yau kam tana sauri, Modu ya ɗaga ƙafa. Idan tana son a tsaya a saya mata goro, motar take gaya wa. Ta bakin wannan mota Modu ya ji cewa rufin ɗakinta yana yoyo, ta bakinta kuma ya ji cewa an ji daɗin atamfar da ya aika. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce wasa ne, amma duk hirar da ke tsakanin uwa da ɗanta a gaban motar nan aka yi ta.

Asalin jinyar marigayiya ambaliyar bara ce. Ruwa ya shiga Tudun Zarami ya kwantar da katangar bayan ɗakin Iya, tsohuwar ta yi makonni a ajin makarantar firamare tare da sauran mutanen gari, a kan tabarma, a siminti mai sanyi. Ta fito da tari, gwiwoyin kuma suka ƙara lalacewa. Modu yana Haɗeja a lokacin, 'Yar'azumi ta kai shi bakin mashigi ta yi tarinta ta tsaya, sai a kwale-kwale ya ƙarasa. Da ya ga uwarsa a kwance a ƙarƙashin allon aji, ya yi wa kansa alkawari cewa ruwan bana ba zai same ta a garin nan ba.

Aka yi ta lallashi, har ta yarda za ta yi zaman ambaliya a Haɗeja. Amma ta aiko da sharuɗɗa ta bakin Bara'atu, ƙanwar Modu da ke aure a Tudun Zarami. Na farko, ba za ta shiga kwale-kwale ba, domin idan ta durƙusa a cikinsa ba ta san wanda zai miƙar da ita ba. Na biyu, ba za ta bar gida ba sai an yanke geron gonar marigayi mijinta an shigo da shi a gaban idonta. To, kowa a fadama ya san lokacin da gero ke shigowa gida shi ne lokacin da ruwan mashigi ke kai wa namiji ƙugu. Ga uwa ba ta hawa jirgi, ga mota ba ta shiga ruwa, ga alkawari ya riga ya fita daga baki.

A wannan hali ne Modu ya kai kukansa garejin Shu'ibu makanike. Shu'ibu mutum ne mai faran-faran wanda bai taɓa jin wata matsala ya ce ta fi ƙarfinsa ba. Ya zaro waya ya nuna wa Modu motocin wasu ƙasashe suna ratsa koguna, ruwa yana tsagewa a gabansu, ya ce duk ba komai ba ne illa taya da tsawo, kuma wannan aikin yini ne. Ya ce 'Yar'azumi tana da zuciya, ƙafa ce kawai ba ta da ita. Wannan magana ta shiga Modu ƙwarai, domin abin da yake son ji ke nan.

Aka cire mata ƙananan tayoyinta da suka san kowane rami tsakanin Haɗeja da Guri, aka sa mata wasu manya masu haƙora, irin waɗanda in ka gan su a jingine sai ka zaci na tarakta ne. Aka ƙara mata ƙarafunan sifirin, aka sa dogayen shokazoba, aka cusa wasu guntayen ƙarafa tsakanin bodi da gindinta. Duk lokacin da Shu'ibu ya ja da baya ya ce ya isa haka, sai Modu ya tuna ruwan mashigi ya ce a ɗan ƙara. Malam Modu ya nemi a rubuta a wannan sanarwa cewa ba ya riƙe da Shu'ibu a zuciya. An rubuta. Waɗanda ke wurin sun shaida cewa haƙoransa a cije suke lokacin da yake faɗa.

Ranar da ta fito daga gareji mutane sun taru. Ta yi tsawo, ta yi kwarjini, masu babur suna kauce mata tun daga nesa. Modu ya zaga da ita gari yana kallon kan sauran motoci daga sama, zuciyarsa fes. Da ya iso gida sai ta ƙi shiga, domin ƙofar da ta saba wucewa ta yi mata kaɗan. Aka fasa saman ƙofar, katanga ta tsage har ƙasa, duk da haka ba ta shiga ba, daga ranar a waje take kwana. Matarsa Jannatu ta leƙo ta dube ta daga ƙasa har sama, ta tambaya ko an haɗo musu da tsani. Modu ya ɗauke ta a matsayin tsokanar mata, ya yi dariya ya wuce.

Daga nan alamun ciwo suka fara bayyana, kowanne da ɗan'uwansa a goye. Idan aka karya kwana sai a ji "gurrr", tayoyi suna cin bodi. Aka koma wurin Shu'ibu ya yanke gefen bodin, sai laka ta samu hanyar watsowa har gilashi. Sitiyarin da a da ake juyawa da yatsa ya koma sai an sa kafaɗa. Birki ya fara shawara kafin ya kama. Ta koyi shan mai irin wanda ba a san ta da shi ba, ga wani kuka "wuuu" da ya samo asali daga ƙarƙashinta, wanda Shu'ibu ya ce sabo ne, za ta daina. Allurar gudu ma ta shiga ƙarya, tana nuna ana tafiya a hankali alhali bishiyoyi suna wucewa da gudu. Mafi muni, ta fara rangaji. Motar da a da take zaune daram a kan hanya, yanzu ko rami kaɗan ta taka sai ta yi layi hagu ta yi dama. Modu yana ji, yana gani, ransa yana ɓaci, amma kullum sai ya ce wa kansa ba don kwalta aka yi wannan aiki ba, don mashigi ne.

A nan dole a yi wa marigayiya adalci: ta ƙetare mashigin. Da Bara'atu ta aiko cewa gero ya shigo, Modu ya kama hanya da hantsi, ya iske ruwa ya cika ya batse, ciyawar kacala ta rufe gefe da gefe. Ya yi bisimilla ya sa giya. Ruwan da a da yake sa ta tari, ranar ko cikinta bai taɓa sosai ba. Masunta suka miƙe tsaye a cikin jiragensu suna kallo. Modu ya fito a ɗaya gefen idonsa ya ciko da ƙwalla don murna, ya ji duk wahalar da ya sha da duk dariyar da aka yi masa sun biya.

Garin Tudun Zarami kaf ya fito, domin ba a taɓa ganin mota a ƙofar gidan Iya a irin wannan lokaci ba. Aka fara lodi. Aka ɗora buhunan gero, aka ɗora gadonta na ƙarfe, da akwati, da tukwane, da turmi, aka ɗaure da igiya, kaya suka yi tsiri a sama. Sannan Iya ta fito cikin mayafinta na unguwa, da carbi a hannu, ta bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya ana yafe wa juna. Ta iso gaban motar, ta miƙa hannu inda ta saba kama murfin ƙofa, sai ta kama iska. Ta ɗaga kai. Wurin da za ta sa ƙafa yana daidai ƙirjinta.

Aka kawo kujera 'yar tsugune, ba ta kai ko'ina ba. Aka kwance igiya aka sauko da turmi aka kife, sai ya zama turmin kansa ya fi ƙarfin gwiwarta. Modu ya sace iskar tayoyi, motar ta yi ta huci, ta sauko da abin da bai fi faɗin tafin hannu ba. Rana tana yi, mutane suna kallo, kowa yana kawo dabara. Modu ya yi gumi har rigarsa ta manne, hankalinsa ya tashi, ya manta ko shi wane ne. Sai kawai ya sunkuya ya miƙa hannuwa biyu zai ɗauki uwarsa.

Iya ta ja da baya, ta gyara mayafinta, ta dubi motar, ba shi ba.

"Ke, gaya wa mai ke," in ji ta, "ni ba a ɗaukata sai ranar da za a kai ni makwancina."

Bara'atu da wasu mata suka ce to su bari su ɗaga ta, tun da su mata ne. Ta ce ko su, ba a gaban gari ba, ba kuma a bayan gari ba. Ta koma gindin bishiya ta zauna a tabarma ta ci gaba da jan carbinta. Kunya da takaici suka rufe Modu, ga mota ya kawo har ƙofa, ga uwa a zaune, tsakaninsu babu kogi babu rami, sai tsawon da shi da kansa ya ce a ƙara.

Dabarar da ta zama ajalin marigayiya tasa ce shi kaɗai, kada a ɗora wa kowa. A bayan gidan akwai kududdufin da aka haƙi ƙasar gyaran katangar Iya, mai gaɓa a tsaye da gangara a gefe. Modu ya duba ya ga cewa idan ya gangara da motar ya jera ta da gaɓar, ƙofar za ta zo daidai da ƙasa, tsohuwa ta taka ta shiga kamar mai shiga ɗaki. Tun da uwa ba za ta hau ba, mota ta sauko. Babu wanda ya hana shi. Hasali ma maza sun fi goma da suka tsaya suna ba shi hannu, wannan yana cewa ya karyo, wancan yana cewa ya miƙe.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi. Ƙofa ta zo daidai da gaɓa, ba sama ba ƙasa. Iya ta gani, ta naɗe carbinta, ta dafa sanda ta miƙe, ta fara takowa a hankali. Tana cikin tahowa ƙasar da ke ƙarƙashin tayoyin hagu, wadda ta sha ruwan damina ta ƙoshi, ta fara zamewa. 'Yar'azumi ta da, gajera, da zama kawai za ta yi ta jira shanu. Wannan kuwa doguwa ce, ga gero da gado a ka. Ta ce "ƙiii", ta karkata. Wani abu a gindinta ya ce "ƙwas". Sannan ta tafi gaba ɗaya, "tinjim", cikin ruwan kududdufi. Injin bai mutu nan take ba, ya ɗan yi "bul-bul-bul", daga nan ba a ƙara jin muryarta ba.

Modu ya fito ta ƙofar da ta koma sama, laka har gashin kai, babu abin da ya same shi sai gurjewa a gwiwar hannu. Iya tana tsaye a bakin gaɓa. Ta tambayi Bara'atu ko ya fito, aka ce ya fito. Ta sake tambaya ko da ƙafarsa, aka ce da ƙafarsa. Ta yi hamdala, ta ce a tsamo geron kafin ya tsiro, ta juya ta koma ɗakinta. Modu ya zauna a kan laka ya yi kuka, bai kuma damu da wanda ke kallo ba.

An yi iya ƙoƙari. An ɗaura mata shanu, igiya ta tsinke. An nemi tarakta, kafin ta iso ruwan da ke gangarowa daga yamma ya rufe mashigi ruf, har ba a ganin kan kacala. An kira Shu'ibu a waya, ya yi ta'aziyya, ya ce injin ya sha ruwa, ya kuma ƙara da cewa da an sa mata dogon bututun shaƙar iska da ba ta mutu ba, kuma shi ya iya sa shi. Modu ya kashe wayar.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙananan tayoyinta huɗu na asali, biyu suna jingine a bayan garejin Shu'ibu, biyu kuma an ce an gan su a ƙarƙashin wata amalanke suna aiki lafiya lau. Ta bar safaya guda, wadda tun da aka yi aikin ba ta dace da kowace ƙafa ba. Ta bar jak wanda ya daina kaiwa gare ta, da fasasshiyar ƙofa a Haɗeja, da katanga mai tsaga. Ta bar Jannatu, wadda har yau ba ta ce "ai na faɗa" ba, kuma shirun nata ya fi maganar ciwo. Ta bar buhunan gero da aka shanya a tsakar gida, wasu sun tsira wasu sun tsiro. Ta kuma bar uwa da ɗa a gida ɗaya babu mai kai saƙo tsakaninsu, sai Bara'atu idan ta samu sarari.

Game da jana'iza, ba za a yi mata wanka ba, domin tana cikinsa tun ranar. Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce ƙarfe ce, sai dai a ce Allah ya mayar da alheri. Za a fito da gawar idan ruwa ya janye ƙasa ta yi tauri. Ana roƙon 'yan gwangwan su daina kira suna tambayar nauyinta, a bar mutum ya ji da abin da ke damunsa.

Ba za a yi zaman makoki a Haɗeja ba. Masu jirgi sun yi wa Malam Modu tayin su ƙetarar da shi ya koma gida, ya gode musu. Za a karɓi gaisuwa a zauren marigayi mahaifinsa a Tudun Zarami, kowace rana bayan la'asar, idan ya dawo daga inda mazan gari ke cika buhuna da ƙasa suna yin jinga don tare ruwa. Mai zuwa ya bar abin hawansa a bakin mashigi ya shiga kwale-kwale, ya taho da buhun da babu komai a ciki ko nawa ya samu, da man zafi na gwiwa. Kada a kawo maganar taya. Kada kuma a tambaye shi ranar da zai dawo, domin ruwa ya riga ya taɓa gindin katangar ɗakin Iya, ita kuma ta ce babu inda za ta, saboda haka shi ma babu inda za shi.